Inda Kwalta Ta Ƙare

Nazifi ya kawo Golf ɗinsa ranar kasuwar Kafin Hausa,
ya faka a gindin darbejiyata,
ya tsuguna, ya cusa hannu tsakanin taya da jikin mota,
hannun ya shige har wuya.
Ya ce, Oga Sambo, dubi wannan fili,
akuya ma sai ta kwana a ciki.
Yatsa biyu nake so. Ko ɗaya da rabi.

Na ce, to.
Shekara talatin ina ɗaga motoci,
yau ga mai biyana in durƙusar da ɗaya.

Na baje masa zaɓi a kan buhu.
Ga na gaggawa: in yanke sifirin da wuta,
yau ka yi murna, jibi ƙugunka ya kai ƙarata.
Ga na kwali, ja kamar tattasai,
sabo fil, sunan kamfanin ma ba ya karantuwa,
damina ɗaya zai gani ya fara hawayen mai.
Ga kuma koiloba, 'yar Baljiyam daga Ƙofar Ruwa,
shokozoba ce da sifirin ya naɗe
kamar yaɗiya a jikin karan dawa,
da zare, da zobe biyu:
ka murɗa nan ta sauka, ka murɗa can ta miƙe.
Kuɗinta kuɗin tumaki biyu ne, har da ciko.

Idonsa na kan jan.
Ya nuna mini waya: wata mota a wata ƙasa,
cikinta na shafar titi mai santsi kamar faranti.
Na ce, kafin ka zaɓa, kai ni in gaida Inna.

Bayan gadar nan kwalta ta ƙare.
Amalanken shanu sun haƙa layi biyu,
sun bar doro a tsakiya.
Na karya kara, na auna doron,
na kai karan ƙarƙashin kwanon man injinsa.
Abin da ya rage bai kai taƙi ba.
Na ce, hanyar nan ba ta da waya, Nazifi,
ba ta ga hoton ba.

Bai ce komai ba.

A gida Inna Talatuwa ta riga ta ɗaure kaya:
riɗi buhu uku, jarkar man gyaɗa,
da maƙwabciya mai ciwon ƙafa da za ta asibiti,
da jikanta, da kazar da ba a faɗi dalilinta ba.
Aka rufe but da igiya.
Na ja shi baya, na ce, sa hannunka.
Ya sa.
Yatsa biyu cif.
Na ce, ga abin da kake nema, Inna ta yi maka kyauta.

Dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi.

Mai zaren ya saya.
Na goge ta, na shafa mata giris,
na yanka tsohon tib na yi mata riga saboda yashi,
na ɗiga fenti wuri biyu a kan zaren:
fari na Kano, shuɗi na gida.
Na ba shi sifana mai ƙugiya, na ce kada ta bar motar.

Yanzu duk Juma'a da la'asar,
in ka bi ta bayan gada za ka gan shi,
jak a ƙasa, gwiwa a ƙasa, farar shadda a naɗe,
yana murɗa zobe daga fari zuwa shuɗi,
ƙafa huɗu, ɗaya bayan ɗaya.
Yara na cewa motar ta lalace.
Tsofaffi na cewa yaron nan akwai ladabi,
tun daga bakin gari yake durƙusawa.

Ni dai na karɓi kuɗin aikina.
Karan yana nan a soke a rufin rumfa,
don an ce ƙaninsa ma ya sayi mota.